Shin Ɗan Gagarawa Zai Iya Zuwa Jami'a Don Koyon Ƙera Gem?

Na san abin da ya saba tara mu a nan labari ne, kowa ya zo ya ji yadda ta kaya tsakanin wance da wane, to amma yau ku yi mini afuwa, zan ɗan ratse. Magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu masu cika fam ɗin JAMB kowace shekara a Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Idan yaro ya ce shi abin da yake son karantawa a jami'a shi ne yadda ake ƙera wasan kwamfuta, wato gem, da yadda ake sa kwamfuta ta zana hoto mai motsi, me ya kamata mu ce masa? Ni dai a nawa ganin mu sa masa albarka, sannan mu nuna masa ƙofar da zai bi. Na san wasu har sun fara yatsina fuska. Ku dai biyo ni a hankali.

Da farko ban ga laifin uban da ya ji wannan magana ransa ya ɓaci ba. Abin da ya sani game da gem shi ne shagon nan na bakin tasha, janareto na ta ruri, yara sun cunkushe gaban talabijin suna buga ƙwallo a PlayStation, an aiki yaro tun hantsi har azahar bai dawo ba, canjin ma ya bi ruwa. To ka zo ka ce da wannan bawan Allah, wanda ya kai buhun riɗinsa ko ɗan bunsurunsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis don ya haɗa kuɗin makaranta, wai ɗansa gem zai je ya karanta? Ai sai ya ce an yi wa yaron sammu. Likita yake so, ko lauya, ko injiniya, in duk an rasa a samu takardar koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Sai dai fa mai shan rake daban, mai noman rake daban, mai tace shi ya zama sukari shi ma daban. Yaron da ke riƙe da abin bugawa a shagon tasha mai shan rake ne. Wanda nake magana a kansa shi ne mai son shiga inda ake tacewa.

Bari in ɗan buɗe maka cikin abin, mai karatu, don in ba ka ga hanjinsa ba ba za ka yarda da ni ba. Allon talabijin ko na kwamfuta irin wanda aka saba gani yana ɗauke da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye. In ka ninka su za ka samu ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo haɗi ne na launi uku, ja da kore da shuɗi, kuma kowane launi lamba ce daga 0 zuwa 255. Hoton da kake gani yana motsi ba motsi yake yi ba, goge shi ake yi a sake zana wani, sau 60 a cikin sakan ɗaya. Ke nan a duk sakan sai an yanke wa ɗigo sama da miliyan 124 hukuncin launin da za su ɗauka. A fim an riga an ɗauki hotunan an ajiye, nuna maka kawai ake yi. A gem kuwa babu wanda ya san inda yaron zai karkata, dama ko hagu, don haka nan take kwamfuta za ta lissafa hoton, kafin ƙiftawar ido, ta jefar da shi ta lissafa na gaba.

Shi kuma ɗan ƙwallon nan da ake gani da gashinsa da zufarsa, ko doki, ko mota, in ka kware masa fata ba abin da za ka tarar sai alwatika, dubbai a jere an ɗinke su kamar ragar kamun kifi. Kowace kusurwa lamba uku ce: nisanta a kwance, a tsaye, da zurfi. In za a juya dokin, ko a matso da shi, ko a nisanta shi, sai a ninka waɗannan lambobi da wani jadawalin lambobi da masu lissafi ke kira matiriks. Hasken da ya faɗo a goshinsa daga kusurwar da ke tsakanin rana da fatar ake lissafo shi, wato tirigonometirin nan da yaranmu ke gudu a aji biyar na sakandare. Ƙwallon da aka buga ta tashi ta lanƙwasa ta faɗo, dokokin Newton ne na darasin Fiziks. Maƙiyin da ke bin ka lungu-lungu har ya cim maka, wata dabara ce ta neman hanya mafi kusa da aka fito da ita a 1968 a wata cibiyar bincike ta Stanford a Amurka don wani mutum-mutumin inji, kuma danginta ne ke nuna wa direba hanya a taswirar waya. Yanzu don Allah a cikin duk abin da na lissafa ina wasan yake?

Ni har cewa nake yi, a duk rassan rubuta manhajar kwamfuta da wuya a samu mai horar da ɗalibi kamar wannan. In manhajar biyan albashi ta yi jinkirin sakan biyu babu mai kula. In gem ya yi jinkirin rabin sakan, yaro ɗan shekara bakwai ma zai ce maka ya lalace. Kuskure ba ya ɓuya, a kan allo yake fitowa kowa ya gani: doki ya nutse cikin ƙasa, ko mutum ya ratsa bango. Ɗalibin da ya saba da irin wannan tonon silili ba ya haddace umarni don jarrabawa, dole ya fahimci abin da ya rubuta.

Su ma waɗanda suka riga mu, a jami'a suka fara. A 1962 wasu matasa a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da Steve Russell, suka rubuta Spacewar, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko-farko. A 1963 a wannan jami'a dai Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a matsayin aikin digirinsa na uku, manhajar da ta ba mutum damar yin zane kai tsaye a kan allo. Daga baya ya koma Jami'ar Utah, shi da David Evans suka raini wasu ɗalibai. Ka ji sunayen: Ed Catmull, wanda ya zo ya jagoranci Pixar, masu fim ɗin Toy Story na 1995, John Warnock, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Adobe, masu PDF ɗin nan da muke tura wa juna littattafai da shi, Jim Clark mai Silicon Graphics. Nolan Bushnell da ya kafa Atari a 1972 shi ma a Utah ya yi karatu. Wani abin dariya, abin da suka fi gwada dabarunsu a kai butar shayi ce, wadda wani ɗalibi Martin Newell ya auna ya shigar a kwamfuta a 1975, har yau kuma masu wannan fanni suna amfani da ita. Da masu shayin Gujungu sun sani da sun nemi ladansu.

Digiri na musamman a kan gem kuwa Jami'ar Abertay ce ta fara shi a 1997, a Dundee ta ƙasar Sukotlan, garin da a da aka san shi da masaƙun buhun algarara. A wannan gari, a wannan shekara, aka fitar da Grand Theft Auto na farko. A Amurka akwai makarantar DigiPen, inda wasu ɗalibai suka yi wani ɗan wasa a matsayin aikin kammala karatu a 2005, kamfanin Valve ya gani ya kwashe su gaba ɗaya aiki, suka mayar da shi Portal a 2007.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ba ta ma shafi gem ɗin kansa ba. Saboda wannan lissafi na miliyoyin ɗigo ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yau da kullum, sai aka ƙera masa wani kati na daban, mai yin ƙananan lissafi dubbai a lokaci guda. Kamfanin Nvidia da aka kafa a 1993 da wannan kati ya yi suna, masu buga gem ne kuma kasuwarsa. To a 2012 wasu mutum uku a Jami'ar Toronto ta Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, suka ɗauki irin wannan kati guda biyu, na masu gem, suka horar da kwamfuta gane hotuna, suka kayar da kowa a gasar shekarar. Daga nan guguwar ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kai ta taso. A 2024 Hinton ya samu lambar Nobel, a wannan shekara kuma Nvidia ya taɓa zama kamfanin da ya fi kowane daraja a kasuwar hannun jari ta duniya. Matiriks ɗin da ke juya doki a gem, shi ne dai ke aiki a cikin waɗannan manhajoji da ake tambaya suna ba da amsa. Haka hoton cikin jiki da likita ke jujjuyawa a allo, da zanen gidan da magini ke nuna maka tun ba a aza tubali ba, da na'urar da matuƙin jirgin sama ke koyo a cikinta yana ƙasa, duk 'yan ɗaki ɗaya ne da gem.

Mu dawo gida. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu 'yan Jigawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Jihar tana da shekara goma kacal, a 2001, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta buɗe makarantar Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar mutanen Singafo, a shekarar da wayar GSM ta shigo Nijeriya. Na tuna yadda aka yi ta ba'a a majalisu, wai talaka na neman taki da ruwan sha an kawo masa kwamfuta. Maganar taki gaskiya ce, ba na musu. Amma a je ma'aikatu da bankuna a Dutse da Kano da Abuja a tambayi masu kula da kwamfutocinsu inda suka fara, za a sha jin sunan Kazaure. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura da aka amince da kafa ta a 2021. A 2019 ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya zama shugaban hukumar NITDA ta ƙasa. A fannin lissafi kuwa ga Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi digirin farko a Jami'ar Bayero, ya koyar a Manitoba da Arizona, a 2022 ya koma Jami'ar Maryland, yana auna yaɗuwar cututtuka da lissafi. Don haka kada wani ya ce mini ƙwaƙwalwar ce babu a ƙasar Lautai.

To me nake nema? Kada a ɗauka cewa nake yi a buɗe digirin gem a Kafin Hausa gobe da safe. A gaskiya ma ina adawa da hakan, kuma duk yaron da ya nemi shawarata zan ce masa ko a waje ya samu irin wannan digiri ya yi tunani sau biyu. Kasuwar gem ba ta da tabbas. An ƙiyasta sama da mutum 10,000 ne suka rasa aiki a kamfanonin gem na duniya a 2023, a watan Janairun 2024 kuma Microsoft kaɗai ya sallami 1,900 daga sashen wasanninsa, 'yan watanni bayan ya sayi Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. In haka ta faru da masu gogewa a Amurka, ina ga ɗan Medu ko Garin Ciroma da ya fito da takardar da ba a rubuta komai a kanta ba sai gem? A Nijeriya sunan digiri ake fara dubawa kafin a dubi mutum. Takardar da aka rubuta Kimiyyar Kwamfuta, ko Injiniyancin Manhaja, ko Lissafi, tana shiga banki, tana shiga ma'aikata, tana shiga aji. Don haka yaro ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, ya sa zanen kwamfuta da gem su zama gonar da yake nomawa a ciki.

Ƙofar yin hakan kuwa a buɗe take. A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon kundin darussa da ake kira CCMAS. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ta ga ya dace da ita. Abin tambaya a nan shi ne, me jami'o'inmu suka zuba a wannan kashi 30? Ɗaliban da nake hira da su in sun zo hutu, daga makarantu daban-daban, labarinsu kusan ɗaya ne: in ma akwai kwas ɗin zanen kwamfuta, a zango ɗaya ake yinsa, a kan allon bango, a ba da takardu a haddace, a rubuta jarrabawa da biro, a fita ba a taɓa sa alwatika ko ɗaya ta juya a kan allo ba. Wannan kamar a koya wa mutum sukuwa ne a kan turmi.

Sauran 'yan Afirka ba su jira mu ba. A 2009 Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa kamfanin da ake kira Leti Arts, suna sarrafa tatsuniyoyin Afirka. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games suka fitar da Aurion a 2016, bayan shekaru suna fama da ɗaukewar wuta irin tamu. A Legas Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, a 2024 har Disney ya ba su aikin wasan waya na shirin Iwájú. Cikin wasannin Maliyo akwai wani mai suna Aboki Run. Ban ce sun yi da mugun nufi ba, kalmar ma mai kyau ce a bakinmu. Amma duk wanda ya zauna a Legas ya san wa ake nufi da aboki a can, da kuma irin muryar da ake faɗinta. Sunanmu dai ya riga mu shiga gem, wasu ne kuma suka shigar da shi. In ba mu zana kanmu ba wani zai zana mu, kuma da idonsa zai zana.

Ku kuma 'yan uwa makaranta da marubuta, kada ku ce wannan ba ta shafe ku ba. Mun ga yadda aka yi wa littattafanmu kallon hadarin kaji, aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano, sai ga shi yau ana rubuta kundin digiri a kansu. Mun ga yadda fim ɗin Hausa ya taso daga 1990 da labarai masu kyau da hannu marar horo, aka yi shekaru ana koyon kyamara da sauti a kan aiki. Gem ma labari yake ci. Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934: mutum ya fita neman abu guda, yana ratsa gari bayan gari, kowane gari da irin jarrabawarsa, ga abokin hamayya yana ɓullowa inda ba a zata ba. Mai tsara gem in ya ga wannan gini zai ce an riga an yi masa rabin aiki. Bambancin kawai, a littafi marubuciya ce ke yanke wa yarinya wanda za ta aura, a gem kuwa mai bugawa ne zai zaɓa, don haka sai an rubuta kowane reshe da inda zai ɓulle, wani lokaci ƙarshe uku ko huɗu. Aiki ne na marubuci tsantsa, kuma tunda mata suka fi yawa a cikin marubutanmu, ban ga dalilin da zai sa a bar wa maza wannan fage su kaɗai ba.

Kayan labarin ma ba sai mun je aro ba. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, daga Tumbi da ke cikin Nijar a yau ta taso, ta yi mubaya'a ga Barno, ta zauna a tsakanin Haɗeja da Kano da Damagaram tana kare kanta shekara da shekaru. Yaranmu sun san taswirar biranen Amurka lungu-lungu daga gem, amma ka tambaye su ina Tumbi take su yi zuru. Ga layin dogon Kano zuwa Nguru da ya haifi Gagarawa Tasha, ga fataken shanu masu gangarowa daga Nijar zuwa Maigatari, ga dambe, ga langa. Ko haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da sau da yawa suke fitowa kamar akwati a allo, gyaransu aikin mai ilimin zanen kwamfuta ne, balle a zo ga ajami.

Na san za a ce mini ina wuta, ina kwamfuta? Tambaya ce mai nauyi, ba zan kauce mata ba. Akwai yaran da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar da suka shiga ɗakin JAMB, tunda daga 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Laftof mai ƙarfi ta fi ƙarfin manomin gero, wutar Nepa kuwa kowa ya san halinta. Shi ya sa na ɗora nauyin a kan jami'a, don ita ce ke iya tara injuna ashirin a ɗaki ɗaya ta kafa musu sola. Manhajojin aikin dai ba su ne matsala ba. Godot, injin haɗa gem da wasu 'yan Ajantina biyu suka sake wa duniya a 2014, kyauta ne kuma ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa. Blender na yin zane mai siffa shi ma kyauta ne, kuma da shi wani ɗan ƙasar Latbiya, Gints Zilbalodis, da 'yan tsirarun abokan aiki suka yi fim ɗin Flow, wanda ya ci lambar Oscar a 2025 a gaban manyan kamfanonin Amurka. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa haɗa gem da zanen motsi cikin fannonin da yake koyarwa. Sai dai horon 'yan watanni yana koya maka danna maɓallan injin da wani ya ƙera ne, shekara huɗu na lissafi kuwa su ke sa ka san abin da ke ƙarƙashin maɓallin.

Babban ramin a wurina yana sakandare. Yaron da ya tsani lissafi, yake zaton don ya iya cin kowa a shagon tasha zai iya ƙera gem, yaudarar kansa yake yi, kuma gara a faɗa masa tun wuri. Kimiyyar Kwamfuta na neman Lissafi da Fiziks a JAMB, ba kuma a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ba ta da tsayayyen malamin lissafi ta riga ta rufe wa ɗalibanta wannan ƙofa tun suna aji huɗu, ko da an raba musu kwamfuta ɗai-ɗai.

Saura tsoron iyaye na lalacewar tarbiyya, shi ma yana da tushe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar buga gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Wasu kamfanoni kuma da gangan suke cusa caca a cikin wasa, ka biya kuɗi a buɗe maka akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba, har ƙasar Beljiyam ta ce wannan caca ce a 2018. Ga kuma shagunan cacar ƙwallo da suka cika garuruwa, waɗanda uba daga nesa ba ya bambanta su da gidan gem. Amma hana ɗanka koyon ƙerawa ba zai cire gem daga wayarsa ba, yana nan a aljihunsa tun zamanin macijin Nokia. Wanda ya san yadda aka ɗana tarkon shi ya fi wuyar kamawa, shi ne kuma zai iya yin wani wanda babu tarko a ciki.

Mu a Gagarawa mun ga irin kai ruwa ranar da aka yi a kan gonakin da gwamnati ta ware don noman rake da kamfanin sukari, kuma tambayar da ke bakin kowa ita ce wane aiki 'ya'yanmu za su samu a ciki, gadi da dako, ko kuwa zama gaban allon da ke juya injin? Amsar wannan tambaya a aji ake rubuta ta, shekaru kafin a kunna injin.

Ga abin da nake roƙon shugabannin sashen kwamfuta na Dutse da Kafin Hausa da Ɓaɓura. A cikin kashi 30 ɗin nan a ware kwas biyu, ɗaya na zanen kwamfuta a aji uku, ɗaya na haɗa gem a aji huɗu, kada kuma a ci ko ɗaya da biro kaɗai. A haɗa ɗaliban da na sashen Hausa da na Tarihi su kawo labari. Sharaɗi guda: duk abin da aka yi ya yi aiki a ƙaramar wayar Android irin ta mutanen ƙauye, ba tare da data ba. Aikin farko kuma a ba su dara. Gurbi 30 ne, shida a biyar, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Da gani kamar ba komai, amma kafin ɗalibi ya gama sai ya zana fagen, ya je ya zauna da tsofaffi ya rubuto ƙa'idojin, don na wani gari kan saɓa da na wani, sannan ya koya wa kwamfuta hangen motsi huɗu ko biyar a gaba, ya kuma san yadda waya biyu za su yi magana da juna. Ranar duba aikin kada a tsaya a ofishin malami. A ɗauko wayar a kawo ta inuwar dalbejiya a Gagarawa Tasha ko ƙofar fada a Gumel, a miƙa wa dattawan da suka shekara arba'in suna buga dara. In suka cinye kwamfutar sau uku a jere, a mayar wa ɗalibin aikinsa ya sake zama.